Rigunan da Baba Ya Ɗinka wa Aku

Daga makaranta, ranar Asabar

Zuwa ga taubashiyata Aku,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Goggo da duk mutanen gida. Ni ma lafiya nake, sai mura da ta bi ɗakin kwananmu gado-gado, amma ta fara sakina.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙata, tunda ko zuwan da kuka yi gidanmu ke ce kika yi ta zuba, ni ina gyaɗa kai. Ba a barin mu riƙe waya a nan. Direban da ke kawo wa makaranta kayan abinci ya ce yana bi ta bakin layinku, shi ne na yi ƙarfin hali na roƙe shi.

Maganar Baba ce. Kin san kamfanin ɗinkin da yake yi wa yanka tun kafin a haife ni ya rufe. Ina gida hutu ranar da abin ya faru. Ya dawo da hantsi, lokacin da bai taɓa dawowa ba, da almakashinsa naɗe a ƙyalle, ya zauna a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba. Umma ta ce, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, sun ce mu huta." Ta ce, "Har yaushe?" Ya ce, "Ba su sa rana ba." Tun daga nan kullum sai ya yi wanka ya shirya kamar mai fita, sannan ya zauna yana shafa wa almakashin mai. Da Goggo ta aiko ya zo garinku ya gwada sa'a, har Umma sai da ta yi ajiyar zuciya.

Da zai tafi ya ce mini, "Allura, ba zan rubuto miki ba sai ina da labarin da ya isa a rubuta." Ga shi zangon karatu ya yi nisa, ban ji komai ba. Don Allah ki zama idona. Yana cin abinci? Ina yake kwana? Bayansa yana ciwo saboda tsayuwar shekaru a gaban tebur, amma ko kin tambaye shi lafiya lau zai ce miki. Ki dubi yadda yake tashi daga zaune, nan za ki gane.

Taki,
Allura
(Haka Baba ke kirana, wai ba ni da jiki kuma ba a jin motsina. Shi kaɗai ke kirana da shi.)

Daga gida, ranar Laraba

Allura 'yar Kawu,

Wasiƙarki ta iso, har sai da na sake duba sunan, domin ban san kina da magana mai tsawon haka a ciki ba. Muna lafiya. Goggonki tana fama da gwiwarta, tana kuma fama da ni. Allah ya raba ki da mura.

Ki kwantar da hankalinki. Kawu yana cin abinci, ko da yake sai Mama ta tsaya a kansa. Mun kwashe buhuna da karyayyun kujeru daga ɗakin ajiya, nan yake kwana. Da safe yakan fita zagayen shagunan teloli, ya dawo bayan azahar. Ba ya faɗin yadda aka yi, mu ma ba ma tambaya.

Amma ga labari. Kin tuna tsohon keken ɗinkin Mama, wanda muke jibga wanki a kansa? Kawu ya jawo shi, ya kwance, ya zuba masa mai, yanzu kullum da yamma ƙararsa ce ke cika gida. Kin san wa ya fara ɗinka wa riga? Ni. Shuɗiya ce, mai maɓallai a gaba. Ina dawowa daga makaranta, ko jaka ban ajiye ba, sai in ji, "Aku, zo ki tsaya." In tsaya, in ɗaga hannu, in juya, shi kuma yana zagaya ni da fil a baki. Na ce, "Kawu, ni fa ba a taɓa sa ni shiru mai tsawon haka ba." Ya ce, "Yi maganarki, kafaɗar kawai nake so ta yi shiru."

Rigar dai ta matse ni a hammata, hannun kuma bai kai ba, kin san ni ba ƙaramar halitta ba ce. Ya ce zai yi mini wata. Na ji yana gaya wa Mama da ba don ni ba, da bai san yadda zai yi a garin nan ba.

Taki mai surutu,
Aku

Daga makaranta, ranar Lahadi

Taubashiyata Aku,

Ina fatan kina lafiya, kuma gwiwar Goggo da sauƙi. Murata ta warke. Na gode da kika ba ni labarin Baba, ko da yake ba ki ce komai ba game da bayansa.

Na yi murna da kika sami riga. Sai dai na karanta wurin nan har takardar ta fara yagewa a ninkinta, domin akwai abin da ban gane ba. Baba ba ya ɗinki. Tun ina ƙarama duk shekara shi ke yanka mini yadi a kan tabarmar tsakar gida, sannan ya ba ni in kai wa telan bakin titi ya haɗa. Shekarar da na zo ta ɗaya a ajinmu, za a ba ni kyauta a gaban iyaye, na daure na ce masa ina so shi ya ɗinka mini da hannunsa. Kin san ba na iya roƙo, sai da na kwana ina shirya maganar. Ya yi dariya ya ce, "Ni mai yanka ne, Allura, ba tela ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Ban sake tambaya ba.

Yanzu ga shi ya zo garinku, bai daɗe ba, ya zama tela. Wataƙila keken Goggo ya fi na unguwarmu albarka.

Game da matsewar hammata kuwa, a ganina wanda aka yi wa kyauta ba ya duba hammata. Ba faɗa nake miki ba, ra'ayi ne kawai.

Ya ambace ni kuwa? Ba sai kin tambaye shi ba. In dai ya ambata da kansa, ki gaya mini.

Taki,
Allura

Daga gida, ranar Alhamis

Malama Allura,

Lafiyarmu ƙalau, da fatan ke ma haka. Bayan Kawu da sauƙi, Mama tana gasa masa da ruwan zafi. Kin ga na amsa, kada a sake cire mini maki.

Wai ina jin ƙamshin kishi ne daga takardar nan, ko hancina ne? To shirya, yanzu rigunana huɗu. Bayan shuɗiyar akwai ruwan ƙasa, da mai ɗigo-ɗigo, da wata koriya da ya yanka daga tsohon labulen ɗakin Mama. Ƙawayena sun ce na yi tela na kaina. Jiya ya sayo mini rake a hanya, wai ladan tsayuwa.

Kin tambaya ko ya ambace ki. Sunanki dai yana fita daga bakinsa, amma ni yake kira da shi. Shekaranjiya ina ta mutsu-mutsu ya ce, "Allura, tsaya sosai mana." Na ce, "Kawu, Aku ce." Ya ce, "To, duk ɗaya ne." Kin ga ke nan na gaje ki tun kina raye. Idan kin dawo hutu sai ki nemi wani suna, ni na riga na saba da wannan.

Taki,
Allura ta biyu

Daga makaranta, ranar Asabar

Aku,

Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiya nake.

Ba duk ɗaya ba ne. Ke kina da mahaifinki a gida, yana dawowa kullum da yamma, ba ki taɓa tsayawa a bakin ƙofar makaranta ranar ziyara kina kallon iyayen wasu suna shigowa ba. Ni uba ɗaya gare ni, kuma abin da ya rage masa a duniya almakashi ne da ɗan ƙarfin bayansa. Ya je garinku neman aiki ne, bai je don ya zama telanki ba. Duk yammar da ya ɓata yana zagaya ki da fil, yamma ce da zai iya ƙwanƙwasa ƙofar wani shago. Umma tana can tana tallar abin da ba ta taɓa sayarwa ba, ke kina ƙirga riguna kina shan rake.

Ki riƙe rigunan, Allah ya sa ki kashe su lafiya. Sunan kuwa ba naki ba ne, kuma ba abin wasa ba ne.

Ba sai kin sake wahalar da kanki da ba ni labari ba.

'Yar kawunki

Daga makaranta, ranar Talata

Aku,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Goggo. Ina lafiya.

Direba ya zo har sau nawa, duk lokacin da na je bakin motar sai ya girgiza mini kai. Jiya ya ce, "'Yan mata, ko ku yi sulhu ko ku daina sa ni tsayawa a layin nan a banza." Na san ni na ce kada ki rubuto. Amma Umma ta zo ziyara, ita ma ta ce ya daina kiranta a waya, in ta kira sai ya ce yana hanya. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, in san yana lafiya.

Allura

Daga gida, ranar Jumma'a

Allura,

Kowa lafiya. Kawu ma lafiyar jiki yana da ita.

Na so in ƙyale ki da shirun da kika nema, Mama ce ta ce ba a biye wa yaro, na ce ai wata biyu kacal na ba ki. To ki saurara, kuma zan karya alkawarin da na yi wa Kawu.

Duk shagon da ya shiga, magana ɗaya ake gaya masa: ba a ɗaukar mai yanka zalla. A kamfani ne ake raba aiki, wani yanka wani haɗi. A shago kuwa wanda ya yanka shi ke ɗinkawa. Shi ya sa ya jawo keken Mama, yana koyon ɗinki da furfurarsa, ni ce kuma abin gwajinsa. Ya ce kada in gaya muku, wai a ce mahaifin Allura ya koma ɗan koyo. Rigunan da kike kishi a kai, ko ɗaya ban taɓa fita da ita ba. Ƙawayena a rataye suka gan su. Ba sa shigata.

Da wasiƙarki ta zo na yi fushi. Da yamma ya ce, "Aku, zo ki tsaya," na ce, "Kawu, na gaji, a nemi wata." Na wuce ɗaki. Sai na leƙa na ga ya sa wa matashin kai riga, ya jingina shi a kujera yana kafa masa fil. Matashi kuwa ba shi da kafaɗa.

A makon nan wata mai shagon ɗinkin kayan mata ta yarda ta gwada shi. Ta ba shi yadi da awon wata yarinya a rubuce. Ya kai mata rigar, ta juya ta ciki da waje ta ce, "Baba, yankanka kamar da reza, ɗinkin ma ba laifi. Amma wa ka yi wa wannan? Mai ita ko hannu ɗaya ba za ta zura ba." Ta ce ya dawo ƙarshen wata, gwaji ɗaya ya rage, domin akwai wani saurayi da ke jiran wurin.

Mama ce ta gano abin. Ta ɗauko rigunana ta shimfiɗa su a gado, ɗaya kan ɗaya. Kafaɗa ɗaya, hannu ɗaya, tsawo ɗaya, kamar an buga su da inji. Ta kira shi ta ce, "Ɗan'uwa, wannan awon wa ne?" Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a bakin gadon ya ce, "Na Allura ne." Ya ce a kamfani ba ya ganin mutum, kwalin awo ake ɗora masa a kan yadi, ya bi gefensa da alli ya yanka. Mutum ɗaya tak ya taɓa yanka wa da ido, shekara da shekaru a kan tabarma. Yanzu ko ya auna ni da tef ya rubuta, da almakashi ya shiga yadi sai hannunsa ya koma inda ya saba. Telolin nan kuwa kai tsaye suke zanawa a kan yadi, shi ma yana so ya yi irin nasu don kada a yi masa dariya.

Kin ce na ƙwace miki uba. Ni kuwa wata guda ina tsaye ana ɗinka miki kaya a jikina, ana kirana da sunanki. Ki gaya mini wa ya kamata ya yi kishi.

Har yanzu ban koma tsayuwar ba. Ke kika kore ni, ke za ki mayar da ni.

Aku

Daga makaranta, ranar Lahadi

Yayata Aku,

Na ce yaya, kin ci wata biyun nan da halal. Ina fatan kina lafiya, ke da Goggo. Ni lafiya nake, sai dai na karanta wasiƙarki a bayan ɗakin karatu, kuma malamar ɗakin kwana ta tambaye ni ko murar ce ta dawo.

Ki yafe mini. Ba ni da wata doguwar magana a kan wannan, kunya ta hana.

Don Allah ki koma ki tsaya masa, yau ɗin nan in wasiƙar ta same ki da rana. Kuma ga wata shawara, ki faɗa masa kamar daga gare ki ta fito. Ya nemi kwali, ko na shagon kayan masarufi ne, ya zana awonki a kai, ya yanke, sannan ya ɗora a kan yadi ya bi gefensa kamar yadda ya yi duk rayuwarsa. Yakan ce mini a wurin aikinsu kwali ne maigida, almakashi bara ne. In teloli sun yi dariya su yi, ba su za su sa rigar ba.

Sai da na rubuta wannan na ga abin da nake roƙo. Ina roƙonki ki taimaka wa hannun Baba ya manta da ni. Abu ɗaya da nake da shi wanda babu mai shi ke nan, ban ma san ina da shi ba sai shekaranjiya. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu in na tuna kina tsaye yana zagaya ki, kishi nake ji. Amma gara ya manta da awona ya tashi da safe yana da wurin zuwa, da ya riƙe shi ya koma bakin ƙofa yana shafa wa almakashi mai.

Ki tsaya sosai, kada ki yi mutsu-mutsu. In ya kira ki Allura, ki amsa.

Ƙanwarki,
Allura

Daga gida, ranar Litinin

Ƙanwata,

Lafiya lau muke, har gwiwar Mama ta yi sauƙi don murna. Kawu ya sami aikin.

Na koma tsayuwa ranar da wasiƙarki ta zo. Da na kawo maganar kwali ya dube ni ya ce, "Wannan ba maganarki ba ce, Aku. Ke da kin faɗe ta da tsawo." Na ce iska ce ta kawo. Ya ce, "Ki gaishe da iskar." Muka kwaso kwalayen sabulu daga shagon maƙwabcinmu, gida ya cika da ƙamshi. Riga ta biyar ta shige ni kamar a jikina aka haife ta, na fita da ita har bakin titi ina ɗaga hannu ba dalili.

Ranar gwaji ya tafi da kwalinsa a hammata. Ya ce teloli biyu na shagon sun yi ta ƙunshe dariya, ɗaya har ya ce, "Baba, sabulu ake sayarwa?" Mai shagon ta ce, "Ku bar shi, ni riga na ce a kawo mini." Da yarinyar ta sa, ta zauna daram. An ba shi keke a kusa da taga. Jiya ya dawo yana mita wai ƙafarsa ta gaji da taka keke, amma yana mitar yana murmushi.

Ga ƙunshi nan wurin direba, rigunan nan huɗu ne, tunda dama naki ne. Ya ce in gaya miki yanzu ya sami labarin da ya isa a rubuta, sai dai ya rasa ta inda zai fara, ki fara karanta waɗannan tukuna.

Yayarki,
Aku

Daga makaranta, ranar Asabar

Yaya Aku,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Goggo, kuma ki gaishe mini da tela. Ki faɗa masa haka, tela, ki gaya mini yadda fuskarsa ta yi. Ina lafiya.

Ƙunshi ya iso. Na jira kowa ya tafi cin abinci sannan na buɗe. Na bi ɗinkin da yatsa. A shuɗiyar layin yana tafiya kamar mai koyon keke, ga ramukan allura inda ya farke ya sake. A koriyar kuwa ya miƙe sarai. Na gane labulen Goggo, har da inda rana ta cinye shi.

Sai na sa shuɗiyar. Yaya, ba ta shige ni ba. Hannun ya tsaya sama da wuyan hannuna, maɓallin sama ya ƙi rufuwa. Na gwada sauran, duk haka. Ashe na yi tsawo tun tafiyarsa, ni ma ban lura ba sai yau. Awon da hannunsa ya riƙe na yarinyar da ya bari a bakin ƙofa ne. Na zauna a gado ina dariya ni kaɗai, mun yi wata muna faɗa a kan rigunan da ba sa shigar kowa a cikinmu.

Duk da haka na sa koriyar zuwa karatun yamma, na naɗe hannun. Wata 'yar ajinmu ta ce, "Wane tela ne ya cuce ki haka?" Ni da ba na iya ɗaga murya a aji, na ce mata, "Babana ne," har na bayanmu suka juyo.

Kada ki gaya masa ba su shige ni ba, kuma ko ya tambaya kada ki ce in aiko da awo a takarda. Hutu ya kusa, Umma ta yarda in biyo ta gidanku. Ina so in ajiye jaka in ji ya ce in zo in tsaya. Ya zagaya ni da fil a baki, ya yanka mini kwalina, ya rubuta sunana a kai. Ke kuma ki zauna a gefe ki sha rakenki, layina ne.

Af, ba ki faɗa mini launin ta biyar ɗin ba. Ba don komai nake tambaya ba.

Ƙanwarki,
Allura ta ɗaya